Giɓin santimita 9 a ƙashin ƙwauri: dashen ƙashi mai jini ko yanke ƙafa?

"Assalamu alaikum likita. Daga Tawa nake rubuto maka. Ƙanena ɗan shekara 26 ne, ɗan kabu-kabu. Wata bakwai ke nan da mota ta buge shi, ƙwaurinsa na dama ya karye har ƙashi ya fito waje. Wurin mai ɗori muka fara kai shi, ya yi sati uku, sai wurin ya ɗuri ruwa yana wari. Da muka kai shi asibiti aka yi masa aiki sau biyu, aka cire ƙashin da ya mutu, aka sa masa ƙarfe ta waje. Yanzu an ce akwai giɓi na santimita 9 inda babu ƙashi sam. Wani likita ya ce ana iya ciro ƙashi daga ɗaya ƙafar a dasa, a ɗinke jijiyoyin jini da madubi. Wani kuma ya ce a yanke ƙafar kowa ya huta. Shin dashen nan gaskiya ne? Ba zai lalata ƙafar mai lafiya ba? Mahaifiyarmu ta ce kada garin neman gira a rasa ido."

Wa'alaikumus salam Malam. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne, ku kuma ya ba ku ladan jinya. Ka gaida mini Hajiya, ka ce mata abin da ta faɗa shi ne abin da mu ma muke tambayar kanmu kafin mu sa wuƙa a ƙafar da ba ta ciwo.

In na fahimce ka, abu uku kake son sani: ko da gaske ana ciro ƙashi da jijiyoyinsa a dasa shi a wani wuri ya rayu, ko ƙafar da aka ciro shi za ta nakasa, sannan tsakanin dashe da yankewa wanne ya fi wa ƙanenka. Biyun farko zan amsa maka kai tsaye. Na ukun kuwa sai dai in nuna maka yadda nake auna shi a nan Yamai idan irin wannan ƙafar ta zo hannuna, domin ban ga tasa ba, ban ɗaga hoton radiyonsa na duba ba, kuma likitan da ya taɓa ciwon da hannunsa ya fi ni sanin abin da ke wurin.

Abin da ya hana giɓin cikewa

Mutane suna ɗaukar ƙashi kamar busasshen icce, saboda wanda suka saba gani na cikin kwanon miya ne. Na jikin mai rai jini ke gudana a cikinsa, ta ɓargo da kuma ta wani siririn tantani da ya lulluɓe shi. Karaya tana ɗoruwa ne idan bakin nan da bakin can suna kusa kuma jini na isa gare su. Da mai ɗori da likita, duk daidaitawa muke yi mu riƙe, jiki ne ke haɗawa.

Sangali, wato babban ƙashin ƙwauri, yana da wani rashin gata. Shafa gaban ƙwaurinka ka ji, fata ce kawai a kansa, babu tsoka. Shi ya sa a dogayen ƙasusuwa shi ya fi saurin huda fata ya fito idan ya karye. In ya fito, ƙasa da ƙurar hanya sun shiga, tantanin nan ya saɓule, jini ya yanke wa wani sashe. Abin da ake so a awannin farko shi ne a wanke ciwon sosai a ɗakin aiki, a fara antibiyotik, a yi allurar tetanus. Idan aka ɗaure shi da karare da tsumma har sati uku, ƙwayoyin cuta sun sami ɗakin kwana. Ba don in ɗora muku laifi nake faɗa ba, da yawa cikin waɗanda nake gani ta nan suka biyo. Guntun da ya mutu magani ba ya kai gare shi, tunda jini ne ke ɗaukar magani, kuma muddin yana ciki mugunya ba ta tsayawa. Saboda haka waɗanda suka cire shi sun yi daidai, ko da giɓin ya tayar muku da hankali.

Da ƙaramin giɓi ne, da sai a ɗebo ɓarɓashin ƙashi daga ƙugunsa a cusa. Irin wannan ƙashin da zarar ya bar wurinsa yawancin ƙwayoyinsa mutuwa suke yi. Amfaninsa ya zama matakala: ƙananan jijiyoyin jini su kutso daga gefe, suna cinye tsohon suna gina sabo a gurbinsa, sannu a hankali. Abin da muka saba riƙewa shi ne wannan dabarar ita kaɗai tana aiki har zuwa santimita 5 ko 6. In giɓi ya wuce haka, kafin jini ya kai tsakiya dashen ya narke ko ya karye, balle a wurin da ya sha mugunya da wuƙa sau biyu, naman ya zama tabo mai tauri marar jini.

Ku mutanen Adar kun san dashen albasa. Irin da aka tumɓuke da saiwarsa, aka dasa aka ba shi ruwa a ranar, kamawa yake yi. To haka likitan farko yake nufi, a ɗauko ƙashi da saiwarsa, a jona masa ruwa kafin ya bushe.

Yadda aikin yake

Gaskiya ne, ana yi, kuma ba yau aka fara ba. Wani likita a birnin Melbon na Ostareliya, Ian Taylor, shi da abokan aikinsa suka fara bayyana shi a 1975, kuma giɓin ƙwauri suka cike da shi. A ƙwauri ƙashi biyu ne, sangali da wani siriri a gefen waje, wanda muke kira perone da Faransanci, masu Ingilishi kuma su ce fibula. Nauyin jiki kusan duka a kan sangali yake, abin da siririn yake ɗauka bai wuce kashi ɗaya cikin shida ba. Yana da jijiyarsa mai kawo jini, kaurinta wajen milimita 2, da wasu biyu masu mayar da jinin, duk suna bin jikinsa. A jikin babban mutum ana iya samun tsawon da ya kai santimita 25, saboda haka 9 ba ta yi masa yawa ba. Akan yanko fiye da giɓin, don a soka kowane baki cikin ramin ɓargon sangali, a ƙulle da ƙusa ko faranti ko ƙarfen waje.

Wurin da aikin ya bambanta da saura shi ne ɗinkin jijiyoyi. Likita yana zaune, idonsa a madubin ƙara girma, gwiwar hannunsa a kafe, yana ɗinki da zaren da bai kai kaurin gashin kai ba. Kowace jijiya ɗinki takwas zuwa goma a kewayenta. In allura ta kamo bangon baya ko da sau ɗaya, jijiyar ta toshe. Lokacin da nake koyo, a cinyar kaza muka fara, sannan ɓera, watanni kafin a bar mu mu taɓa ta mutum. Idan aka saki matsewar, ka ga jini ya fara tsattsafowa daga bakin ƙashin da ɗazu yake kan tire, a nan ne kowa a ɗakin yake sauke numfashi. Aiki ne na awa shida zuwa goma, sau da yawa da ayari biyu, ɗaya na ciro ƙashi ɗaya na gyara wurin da za a sa.

Yawanci ana haɗowa da wani yanki na fata wanda jijiya ɗaya ke ciyar da su da ƙashin. Fatar tana rufe ciwon, kuma ita ce tagar da muke leƙa ƙashin ta cikinta. Kwana biyu zuwa uku na farko su ne masu haɗari, a nan jini ya fi daskarewa a wurin ɗinki, don haka kowace awa sai an duba, dare da rana. Ba na mance wani dare a inda na yi horo. Wajen ƙarfe uku ma'aikaciyar jinya ta tashe ni ta ce fatar ta sauya. Na tarar ta kumbura ta yi duhu kamar ɗinya, na soka mata allura sai baƙin jini ya fito da sauri. Jijiyar da ke mayar da jini ce ta toshe. Kafin asuba mun koma ɗakin aiki, aka warware ɗinkin aka sake, ƙashin ya tsira. Da an jira zagayen safe, da aikin awa takwas ya tafi a banza. Tun daga ranar, idan aka ce mini wuri kaza suna wannan dashen, kafin in tambayi ko suna da madubi sai na tambayi wa ke kwana a kan marar lafiya.

Ribar ƙashi mai rai ita ce yana haɗewa da sangali kamar yadda karaya take ɗoruwa, yawanci cikin wata huɗu zuwa shida, yana kai antibiyotik wurin da a da ba ya zuwa, kuma idan aka fara taka shi kaɗan-kaɗan yana ƙara kauri. Na ga hotunan da bayan shekara biyu siririn nan ya kusa kamo sangali. Amma kafin ya yi kaurin, siriri ne aka ɗora wa aikin ƙato, kuma karyewarsa a shekarar farko abu ne sananne. Sanduna da takalmin kariya za su daɗe tare da shi. Kada kowa ya ce muku wata uku zai hau moto.

Ƙafar mai lafiya

Yanzu ga maganar Hajiya. Ba a cire ƙashin duka. Ana barin wajen santimita 6 a ƙasa, domin shi ne ke riƙe idon sawu, a kuma bar na sama kusa da gwiwa, inda jijiyar motsi (ba ta jini ba) da ke ɗaga sawu take zagayawa. In aka kiyaye wannan, yawancin mutane suna tafiya, suna noma, suna durƙuson salla ba tare da wata nakasa ba. Sai dai ba na ce babu komai ba. Wasu sukan yi fama da ciwo ko rashin ƙarfi a idon sawu, wasu babban yatsa ya lanƙwashe, wasu gefen ƙafa ya yi sanyin ji, in kuma an ɗauki fata mai faɗi wurin yakan jima bai warke ba. A yara akwai ƙarin damuwa, idon sawu kan karkace yayin da suke girma, amma wannan bai shafi ƙanenka ba.

Abu guda da ba a wasa da shi: jijiyoyi uku ke kai jini sawu, kuma dashen zai tafi da ɗaya. Akwai ƴan tsirarun mutane da aka halitta wannan ɗin ce babbar mai ciyar da sawunsu. Shi ya sa dole a duba jijiyoyin ƙafafun biyu kafin aiki, da na'urar Doppler mai nuna gudun jini ko da sikana mai ɗaukar hoton cikin jiki. Duk wanda zai ciro wannan ƙashin bai duba ba, to a nan ne maganar gira da ido take iya tabbata.

Tsakanin dashe da yankewa akwai wasu ƙofofi

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne an ajiye muku hanya biyu kamar su ke nan. Akwai wasu, kuma ba sa buƙatar madubi.

Akwai ta siminti, wadda likitan Faransa Alain Masquelet ya fara a shekarun 1980. Ana share wurin tas, a cike giɓin da wani siminti na asibiti, sau da yawa gauraye da antibiyotik, a rufe. Cikin sati shida zuwa takwas jiki zai saƙa wani tantani mai yalwar jini kewaye da simintin. Sai a buɗe a hankali, a cire simintin, a cika jakar nan da ɓarɓashin ƙashin ƙugu. Tantanin yana hana dashen narkewa yana kuma ciyar da shi, shi ya sa ake iya wuce iyakar santimita 6 da na faɗa. Ni kaina ita na fi yi, don kayanta suna samuwa a nan. Matsalarta, giɓin santimita 9 yana cin ƙashi da yawa, wani lokaci sai an ɗebo daga ƙugu biyu, kuma in da sauran mugunya ko kaɗan, dashen duka zai lalace.

Akwai ta Ilizarov, likitan Rasha da ya yi aikinsa a garin Kurgan tun shekarun 1950. Ana sa zobba na ƙarfe kewaye da ƙafa, a yanke sangali a wuri mai lafiya, a jira kamar mako guda, sannan a riƙa jawo guntun zuwa cikin giɓin, milimita 1 a rana, an raba ta huɗu. A bayan guntun sabon ƙashi ke tsirowa. Marar lafiya da kansa yake juya noti da ɗan sifana, ni nakan ce su haɗa shi da asuba, azahar, magariba da lokacin kwanciya don kada a mance. Lissafa ka gani: santimita 9 kwana 90 ke nan na ja, sannan kusan ninki biyu na haka kafin sabon ƙashin ya yi ƙwari. A taƙaice wajen shekara guda da ƙarfe a ƙafa, ana wanke bakin kowace waya, cikin zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu, ana zuwa radiyo a kai a kai. Daga Tawa zuwa Yamai kuwa fiye da kilomita 500 ne ta Ƙonni da Dogondutsi da Doso. Ba ta taɓa ɗaya ƙafar, wannan babbar riba ce, amma tana son mutum mai haƙuri da gida mai tsayawa.

Sannan akwai tsohuwar dabara ta fiye da shekara ɗari: a turo perone na ƙafar da ta ji ciwon zuwa gurbin sangali, jijiyoyinsa na manne da shi, ba ɗinki. Ka tambayi likitansa ko nasa ya tsira, domin a haɗarin mota sau da yawa tare suke karyewa.

Da ni ne, ga yadda zan bi. Kafin in yi maganar kowace hanya sai na tabbata mugunya ta ƙare: ciwon ya bushe, alamun mugunya a gwajin jini sun sauka, an ɗauki nama daga can ciki an gano ƙwayar da maganin da ke kashe ta. Kowane irin dashe aka ɗora a kan ruɓa, asara ne. Sai in duba fata. Idan akwai nama mai kyau da ya rufe wurin, ko ana iya juyo tsokar sharaɓa a rufe, to a santimita 9 na fi karkata ga siminti ko zobba. Idan kuwa ƙashi da fata duka suka tafi, ko wurin ya zama tabo tsantsa, ko an gwada waɗancan sun ƙi, a nan dashe mai jini ya fi kowace hanya, da sharaɗin a sami ayarin da suka saba yin sa. Ku tambaye su ba kunya: sau nawa suka yi a bara, wa ke dubawa da dare, in jijiya ta toshe ƙarfe uku na dare ana iya buɗe ɗakin aiki, in dashen ya mutu mene ne mataki na gaba? Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyin. In kuma waje za ku fita da shi, Tunisiya ko Maroko ko Indiya, ku sani sati kaɗan zai yi can, sauran shekarar a gida zai yi ta, don haka ku sami likitan ƙashi a nan wanda ya yarda ya bi shi tun kafin ku sayi tikiti.

Likita na biyu ma kada ku ɗauke shi maƙiyi. Hausawa na cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma na san nauyin wannan a zuciyar uwa. Amma na ga samarin da suka yi shekara uku ana shiga da su ɗakin aiki, an sayar da gona da shanu, a ƙarshe aka yanke ɗin. Wani babban bincike da aka yi a Amurka, wanda ya fito a 2002, ya nuna bayan shekara biyu waɗanda aka gyara wa ƙafa da waɗanda aka yanke wa kusan ɗaya suke wajen gudanar da rayuwa, sai dai na farkon sun fi komawa asibiti. Can fa ƙafar roba ba ta wuyar samu ko sauyawa, mu a nan sai an lissafa kuɗinta da gyaranta har ƙarshen rayuwa. Abin da zai sa in ba da shawarar yankewa shi ne idan bayan wata bakwai tafin ƙafarsa ba ya ji sam, sawun ya sandare a karkace, jinin da ke zuwa kaɗan ne, mugunya kuma ta ƙi tsayawa. Idan yana jin taɓi a tafin ƙafa, yatsu na motsi, sawun da ɗumi, to saurayi ɗan 26 ya cancanci a yi wa ƙafarsa ƙoƙari. Kuma a zaunar da shi a tambaye shi, domin sau da yawa dangi ke yanke shawara a bakin ƙofa shi yana kwance, alhali shi zai ɗauki ƙarfen.

Kafin ku zo, akwai abin da ke hannunku. In yana shan sigari ko shisha ko yana cin taba, ya bari yau, aƙalla sati huɗu kafin aiki, domin taba na tsuke ƙananan jijiyoyi tana kuma hana ƙashi haɗewa. In ya taɓa shan tramol, kamar yadda wahalar kabu-kabu ke sa wasu, ya gaya wa likitan barci a asirce, ba don a kunyata shi ba. A gwada jininsa, da suga, da sikila, wadda muke ce wa emasi, saboda tana iya toshe jijiyar da aka ɗinka. Wata bakwai na jinya yana cinye jiki, a ba shi wake, ƙwai, nono, nama da zogale gwargwadon hali. Ya riƙa lanƙwasa gwiwa yana ɗaga sawu kullum, kada ƙashi ya zo ya haɗe a tarar gaɓoɓi sun ƙage. Ku shirya mutum uku ko huɗu cikin dangi da za su ba da jini. Ranar tahowa ku haɗo duk hotunan radiyo tun na ranar haɗarin, da takardun aikin nan biyu, da sunayen magungunan da ya sha, sannan ku ɗauki hoton ciwon da waya lokacin da ake sauya bandeji, ta gaba da ta gefe, da rana.